Adakar Malam Jatau

Gwaggo Talatuwa ce ta ba ni mabuɗin,
ɗaure a bakin zanenta shekara arba'in.
Ta ce, "Buɗe da bisimilla, 'yar nan,
gara ta riga ki fara karatun."

A Mai Wurno ne, ɗakin da ke duban kogi.
Adakar ƙarfe mai tsatsa a leɓe,
ganyen darbejiya ya zama gari a kanta.
Wasiƙu ɗari biyu da sha tara
na Malam Jatau Mai-Tsuntsaye,
ajami siriri kamar sawun tsada a laka,
zuwa ga amininsa, Likita Yaƙub na Kasala,
wanda 'ya'yansa suka maido su bayan ya kwanta dama,
a buhun ƙaro, bisa rufin lori.

Kowa ya san sunansa daga Sinja har Madani.
An ce bai taɓa ɗana tarko ba,
sai dai ya zauna gindin bagaruwa
har zalɓe ya ɗauke shi kututture.
Ya rubuta: "Kuka a nan tabaldi suke ce mata,
aduwa hijlij, goruba dom.
Itacen bai damu ba, Yaƙub,
mu ne muke faɗa a kan suna."

Wata bakwai ina ɗaga su da gashin kaza,
ina shimfiɗa su ƙarƙashin dutsen niƙa,
ina riƙe tari kada numfashina ya karya harafi.
Wasiƙa ta talatin ta sha ambaliya,
tawadar ta gudu ta bar gabarta.
Na karanta ta da fitila a bayanta
kamar mai duba ƙwai.

A ta hamsin da biyu ya rantse
shamuwa a tsaunin Habasha take cin rani.
Shekara goma sha ɗaya sai ga wata:
"Na yi maka ƙarya ba da niyya ba.
Kudu take yi, nesa da saninmu.
Ka yafe, kada ka ƙone waccan."

Akwai wadda ban so buɗewa sau biyu ba.
Ƙwan jinjimi uku, faɗin sheƙa taƙi biyu,
ruwa ya ja baya kamu huɗu tun Laraba,
"jiya muka binne Habu,"
sannan launin ƙafar gauraka,
layi shida, bai tsallake gaɓa ɗaya ba.
Gwaggo ta ce ranar bai ci abinci ba,
ya nemi alƙalami kawai.

Usta Mirgani, mai injin ɗab'i a Umdurman,
ya tura tabarau goshi, ya ce,
"Mu cire kuskuren shamuwa, mu rufa wa dattijo asiri.
Nan kuma da gara ta cinye sunan tsuntsu,
ke da kika san shi, cike mana."
Na ce, Usta, ban san shi ba.
Baki ja, fiffike kore, yana haƙa rami a gaɓa,
sauran yana cikin tumbin gara.
Bar gurbin fari.
Kuskuren ma bar shi, shi bai ɓoye ba.

Ya yi tsaki, ya aika a kawo jabana.
Muka sha, injin yana tari a bayanmu.

Ranar da littafin ya iso gida
Gwaggo ta sansana shi, ta juya shi sama da ƙasa,
ta ce bai da ƙanshin mahaifinta.
Ta maida wasiƙun adaka, ta ƙara ganye,
ta ƙulle mabuɗin a bakin zanena.

Da la'asar wani yaro, jikan masunta,
ya tsaya a shafi na casa'in, yatsa kan gurbin,
ya dubi gaɓar kogi, ya dube ni,
ya ce, "Anti, ki zo da asuba.
Ina jin na san raminsa."