Wayar Kuloci

Shekara ashirin da biyu ina matse ta,
ita ma tana cin yatsuna.
Sau uku ta tsinke,
na ƙarshe a gadar Binuwai, ga buhun albasa a baya.

Yau Bakari na Rumde Ajiya ya zare ta
kamar jijiya daga ƙafar saniya,
ya ɗaura ɗan kofi a ƙahon babur,
ya ja tiyo har gindin inji,
ya tsiyaya man birki.

"Matsa, Baba. Riƙe. Saki."
Kumfa na fita ɗaya-ɗaya.

Na ja da yatsa biyu.
Laushi sai ka ce nunanniyar gwanda.

Na biya jaka goma sha biyar.
Tsohuwar wayar kuwa tana aljihuna, a naɗe.
Hannuna bai yarda ba tukuna.