Matakin Ƙarshe

Ƙarfe biyun dare a Kumasi.
Janareto na tari a bayan ɗakin bincike.
Ni ce, da shayin da ya huce tun sha ɗaya,
da ƙwayar zarra guda ta kalsiyam
da muka ɗora wa caji, muka rataye
tsakanin sanduna huɗu, a tulun ƙarfen da ba iska.
Ba igiya, ba katanga.
Ta yi gabas, tarko ya ce dawo.
Ta yi yamma, ya ce dawo.

Zafi, ashe, rashin zama wuri ɗaya ne.

Na kunna leza, na sassauta muryar hasken
ƙasa kaɗan da wadda take amsawa,
don kada ta ji kiran sai in ta taho a guje.
Ta taho, ya tare ta a ƙirji.
Ta haɗiye, ta furzar,
kowace furzawa na tafiya da ɗan gudunta.
Wa zai gaya wa masu sayar da ƙanƙara a Aboabo
cewa da haske nake sanyaya abu?

Sai jan hasken ya karɓa,
da haƙurin mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Tsani ne, ana sauko da ita:
tara, takwas, ta zame ta koma tara,
biyar, uku.

A nan na tuna hannun Baba Gariba.
Shekara talatin yana ɗinki a Asawase,
yau allura da zare sun daina gaisawa a yatsunsa.
Jiya na riƙe masa wuyan hannu,
na ji karkarwar na ragewa, na ragewa,
ba ta tafi ba.

Ɗaya. Sifiri.
Layin allon ya kwanta.
Ba sauran matakin da hasken zai kama,
ya wuce ta kamar baƙon da bai ga mai gida ba.

Dakta Boakye ya ce ko a can ƙasan
akwai 'yar rawar da ba a cirewa;
ba laifin na'ura ba ne, haka aka gina duniya.
Na rubuta lokaci a littafi: biyar saura kwata.

Zan hau motar farko daga bakin jami'a,
in sayi koko da ƙosai a hanya.
In na same shi a kan keken ɗinki
ba zan ce ya huta ba.
Zan zura masa zaren, in zauna kusa.