Faifan Ilu

Ran Talata ya iso, a motar Yamai,
cikin kwali, an naɗe shi da tsumma kamar jinjiri.
Ilu ya kira ni: "Sha'aibu, rufe shago,
zo ka riƙe mini, hannuna rawa yake."
Muka hau kabu-kabu, ni da shi da kwalin,
daga tasha har Bagalam ba wanda ya ce uffan.

Faifai ne, rawaya, a bayan gilashi,
ƙarƙashinsa takarda mai hatimi biyu.
Wani ɗan lakwal ya karanta, ya fassara mana:
wai an shaida, an tabbatar, an sa hannu,
waƙar gurmin da Ilu ya yi wa jar akuyarsa
an saye ta, an saurare ta a intanet
har lissafi ya haye miliyan guda.
Wasu a Abijan, wasu a Jidda,
wasu can inda ƙanƙara ke toshe ƙofa,
ƴan ci-rani da kewar gida ta hana barci.

Iya Tsahara ta ajiye muciya, ta goge hannu,
ƙamshin man gyaɗa na biye da ita.
Ta ƙwanƙwasa gilashin da farce.
"Zinariya ce?" Aka ce ruwanta aka shafa.
"Yana waƙa?" Aka ce ba ya yi.
"To, faifan da ba ya waƙa, ba ya bakace,
ba ya rufe ƙwarya, na mene ne?"
Tsakar gida ta ɗauki dariya. Ni ban yi ba.

Don ni na san wani lissafin.
Shekara huɗu ina bakin Babbar Kasuwa
da tsohuwar kwamfuta mai tari in wuta ta dawo,
ina tura waƙa a katin waya, dala ashirin-ashirin.
Mai rake, mai wankin babur, direban Ɗan Isa,
matan da ke suyar ƙuli-ƙuli a Sabon Gari,
makiyayin da ya zo sayar da bijimi
ya koma daji da Ilu a aljihu.
Duk wanda na tura wa, sai in ja layi
a bayan littafin bashi.
Daga waya ta tsallaka waya
kamar wutar kara bayan girbi.
Na'urar can ba ta gan su ba,
ba su da gurbi a cikin miliyan,
kuma ko dala ɗaya daga cinikin nan
ba ta taɓa sanin hanyar gidan Ilu ba.

Daren nan na ƙirga layukan da tocila:
dubu tara da ɗari shida da sha ɗaya,
ban da shafin da ɓera ya ci.

Da hantsi na kai masa littafin,
da jikka goma sha biyar ƙulle a leda,
abin da na iya, ba abin da ya kamata ba.
Na tsaya ina kallon takalmina.

Ya daɗe yana buɗa shafi, yana lasar yatsa.
Kuɗin ya miƙa wa Iya, bai ƙirga ba.
Sannan ya sauke faifan daga ƙusa,
ya juya bayansa, inda katako yake fari,
ya ba ni biro. "Rubuta naka a nan.
Su sun shaidi waɗanda suka biya,
kai ka shaidi waɗanda suka ji.
Amma daga yau, cikin ashirin ɗin nan,
dala biyar tawa ce, kar ka manta."

Na rubuta. Hannuna ya karkace wajen tara.

Yanzu yana rataye a zaure,
ruwan zinariya na kallon baƙi,
lissafina na kallon bango,
inda gara kaɗai za ta karanta.