Kujerar Aro

A Kongo malaminmu ya rubuta a allo:
firaminista ɗan majalisa ne,
daga cikinsu aka tsamo shi,
ran da suka janye hannu, ya sauka.
Na kwafa ban gane ba,
na taho Tudun Wada ina maimaitawa kamar aku.

A shagon Baba na baje takardu
kan teburin yanka, tsakanin alli da almakashi.
Ya ce in karanta ya ji.
Na karanta. Ya tsai da keke,
ya tofar da guntun zare, ya yi dariya:
"Lantana, ai tarihina suke koya muku.

Shekara uku na riƙe ƙungiyar teloli.
Mu arba'in da ɗaya ne, benci bakwai.
Ba gado na ci ba, hannu aka ɗaga,
ashirin da shida suka ce Barau.
Duk Laraba bayan La'asar
ni a tsaye, su a zaune:
Ina kuɗin janareto?
Wa ya ce ka karɓi kwangilar kayan makaranta?
Jatau, da bai taɓa zaɓena ba,
biro a kunne, lissafi a aljihu,
tsininsa ya fi na allura.
Na ƙi jininsa.
Yau na san shi ya hana ni ɓata da wuri.

Sai na hango keken surfani a Sabon Gari,
na ɗebi kuɗin asusu na saya,
na ce in sun ga aikinsa za su yafe.
Aikinsa ya yi kyau kuwa.
Amma ba su tambayi kyau ba,
sun tambayi wa na tambaya.

Kada ki ɗauka Jatau ya kayar da ni,
shi dama can yana inda yake.
Iro ne, da muke cin tuwo kwano ɗaya,
da Gambo, da na koya wa saka aljihu.
Aka ce masu son Barau su ɗaga hannu,
suka dubi ƙasa suna gyaran hula.
Sha tara.
Na ƙirga da kaina sau biyu.
Na ajiye makulli, da hatimi, da rajista."

Na ce, Baba, a littafinmu
sunanta ƙuri'ar yanke ƙauna.

Ya ce, "Wace ƙauna ta yanke?
Iro ne ya fara zuwa sunan ƙaninki.
Zanen aro ne, masu shi suka karɓa,
ni ne na manta na ɗaura har wuya.
Laraba ta zagayo, na zauna bencin baya,
sabon shugaba ya miƙe yana gumi,
na ɗaga hannu a hankali na ce:
ranka ya daɗe, ina kuɗin janareto?"

Nan aka kawo wuta.
Ya jawo wuyan wata riga ƙarƙashin allura,
ya ce in kwashe takarduna,
zai yi yanka.