Gulbin da Ba Ya Riƙon Kowa

Ɗakin ba shi da taga.
Kujera ɗaya, sanduna biyu, allo mai faɗin tabarma.
A allon duhu ne, a tsakiyar duhun
ƙofar kumbo, farin zobe, tana juyi a hankali.
Aikina in liƙa wa mutum wayoyi a ƙirji,
in ƙirga bugun zuciya, in bi inda ido ya sauka,
in gano ta ina hannu ke cin amanar mai shi.

Ɗalibai goma sha ɗaya suka zauna kafin azahar.
Tara sun yi karo.
Biyu sun ƙone mansu
suna bin zoben kamar masu bin bashi.

Sai Haliru, mai share mana baranda,
wanda ya shekara talatin yana fito a Rima
kafin gada ta raba shi da kwalekwale,
ya jingine tsintsiya: "Ɗiyata, bari in taɓa."

Ya tunkuɗa, ya saki, ya jira.
Kumbo bai tsaya ba. Allo ya yi ja.
Ya daɗe yana duban tafinsa.
"Wanga gulbi ba shi riƙon kowa," in ji shi.
"Can, ko ka mance, ruwa na rage ma gudu.
Nan, duk abin da ka bayar,
kai za ka koma ka amso abinka."

Karo na biyu da yatsu biyu ya tuƙa.
Taɓi ɗaya gaba, taɓi ɗaya baya.
Mita ashirin. Mita goma.
Zuciya sittin da huɗu, kamar mai gyangyaɗi.
Bai kalli lambobina ba ko sau ɗaya,
gefen zoben yake karantawa
yadda ake karanta gaɓa da damina.

Saura mita uku aka ɗauke wuta.

Fanka ta mutu.
Zafin Sakkwato ya kutso ta ƙarƙashin ƙofa.
Ina jin numfashinsa a duhu,
ina jin sanda na motsi, ƙis, ƙis,
sannan shiru.

Da janareta ya tashi, allo ya koma farko.
Na rubuta: gwaji bai kammala ba.

"Ai mun iso," ya ce, yana ɓamɓare wayoyin.
"Na ji ta nan, ga gwiwa."

Ya ɗauki tsintsiyarsa.
Na duba takardata sama da ƙasa,
babu gurbin da aka ware wa gwiwa.