Kogin da Ba Shi da Gaɓa

Da la'asar, a bakin dam na Dadin Kowa,
ina ɗinkin koma, Kubura ta tsuguna,
ta ja layi da kara a kan jiƙaƙƙen yashi.
Ta ce, "Baba, ga ɗamarar duniya,
inda rana ke tsayawa tsakar ka.
Tekun can, iska ke kora samansa yamma
kamar makiyayi da garke.
Amma nitsa gaba hamsin ko fiye,
akwai wani kogi a cikin cikin teku,
ba gaɓa, ba mashaya,
sanyi kamar ruwan randa.
Shi gabas ya nufa, bai shawarci iska ba."

Na ce, "Ruwa biyu a kwano ɗaya,
kowa da alƙiblarsa?"
Ta yi dariya, ta jera tsakuwa uku a kan layin.

"Tsibirai ne. Kogin na tafe a duhu
sai ya yi karo da gindinsu.
Ba hanya. Sai ya hau.
Ya taso da takin da ke kwance a zurfi,
ruwa ya yi kore kamar miyar kuka,
ƙananan kifi su zo kiwo, manya su biyo sawu,
tsuntsaye su zubo kamar ƙanƙara.
Yammacin tsibiri na biki, gabashi na hamma.
Shekarar da kogin ya raunana kuwa,
zafi ya danne,
tsuntsuwa ta bar ƙwai a sheƙa,
murjani ya yi fari fat kamar ƙashi."

Na ajiye allura.
Na san wannan sanyin.
Ka dira daga kwalekwale cikin bazara,
kafaɗa a ruwan ɗumi,
yatsun ƙafa na taɓa wani dare daban.
Shekara talatin, ban tambaye shi ina za shi ba.

Sai Yaya Dudu ta faɗo mini,
mai daddawa a bayan tasha,
da kuɗin makarantar yarinyar nan
ƙulle a tsumma, ta hannun yaro,
wai kada a ce ita ce.
Mu muna ta gode wa iska.
Sai daminar da ta kwanta ciwo
muka ga gindin tukunyarmu.

Ban faɗa wa Kubura ba.
Igiyar ruwa ta zo ta lashe layin,
ta bar tsakuwa uku.
Ladan ya kira magariba.
Na ɗauki ta tsakiya,
gefe guda da ɗumi, gefe guda da sanyi,
na jefa a aljihu.