Gurbin Batir

Batirin da Baba ya bari ya mutu ran Talata,
shekara biyu cif bayan mai shi.
Na murɗa makulli, motar ta yi tari ɗaya,
ta yi shiru.

A duk kasuwar Narin babu irinsa.
"An daina yin su," in ji Esenbek mai shago,
ya turo mini wani fari, ɗan ƙarami,
wai ƙarfinsa ya fi jikinsa.
Na biya da kuɗin zuma kwalba tara.

Da na ɗaga bonet na ajiye shi,
sai ya zauna kamar yaro a kujerar kakansa:
yatsa uku fili ta hagu,
yatsa biyu ta gaba,
ka taɓa shi ya kama rawa.
Tsohon maɗaurin kuwa ruwan batir ya cinye,
na kama shi, ya marmashe a hannuna
kamar burodin shekaranjiya.

Hanyarmu ba ta san tausayi ba.
Duwatsu ne da gargada har bakin tafki,
inda amyoyina suke jira a cikin sanyi.
Batirin da ba a ɗaure ba
kwana ɗaya zai yi ya fasa kansa,
ko ya sumbaci ƙarfe ya haifi wuta.

Na shiga rumfar bayan gida.
Ga gadon ƙarfen da aka haife ni a kai,
ƙafa uku, tsatsa ta yi masa lalle.
Na zare haƙarƙarinsa guda.
Zarto ya yi kuka, ni ma na taya shi kaɗan,
don sanyi ya tsaga mini yatsu.
Na auna sau ɗaya, na yanka,
ya gaza.
Na auna sau biyu, na sake yanka wani.

Jildiz, ƙanwata, ta riƙe tocila da haƙora
tana magana ba a jin me take cewa.
Dogayen kusoshi biyu masu zare
daga tsohuwar ƙofar garken tumaki,
na lanƙwasa bakinsu kamar ƙugiya.
Noti huɗu, babu biyun da suka yi kama.
Tsohon tif na taya na yanka na shimfiɗa
don kada ƙarfe ya ci roba,
kada kuma ja ya gaisa da baƙi.

Saura filin yatsa uku.

Na duba itacen girki, duk ya yi kauri.
Na duba akwatin zuma, ya yi siriri.
Sai Inna ta fito ba ta ce komai ba,
ta miƙo guntun katakon da Baba
yake tokare taga da shi in zai sha shayi.
Gefensa ya yi santsi da shafar hannu.
Na cusa shi a gurbin.
Ya shiga
kamar dama can don nan aka sare bishiyar.

Na ɗaure noti har sifana ta zame
ta ɗauke mini fatar gaɓa.
Na kama batirin da hannu biyu na girgiza:
shi bai motsa ba,
motar ce gaba ɗaya ta yi lilo.

Maƙwabcinmu Sultanmurat ya leƙo ta kan shinge,
ya daɗe yana kallo, ya tsotsi haƙori.
"Ba kyau," ya ce. "Amma ubanki
da igiya ya ɗaure nasa shekara shida."

Na murɗa makulli.

Da asuba muka hau dutse,
ƙanƙara a gefen hanya, tayoyi na tsalle.
A kowane rami ina kasa kunne
in ji ƙwanƙwasa daga ƙarƙashin bonet.
Babu.
Sai kwalaben da ke baya suna ta gulma,
da Jildiz tana barci, bakinta a buɗe.

Tagar gida kuwa tun ranar
da cokali muke tokare ta.